Tarihin Tutar Zagaye da Gorar da ke Ɗauke da Ita

  

Abin da ya sa na yi wannan rubutu wata 'yar gardama ce da ta tashi a rumfar mahaifina da ke kasuwar katako ta Dei-Dei, inda muke sayar da gora ga magina masu tokare dakin. Wani abokina da ke sayar da ƙusa a layin bayanmu ne ya zo da wayarsa yana dariya, ya ce in zo in ga abin mamaki. Da na duba sai na ga wani titi a wata ƙasa, hagu da dama an kakkafa dogayen gorori, kowace ta lanƙwaso daga sama kamar wuyan raƙumi, an yi mata ado da ganye iri-iri, ga matasa sun taru suna ɗaga wata da igiya ana ta sowa. Sai ya ce mini, "To ka ga kakannin tutocinku na zagayen Mauludi. Ashe daga wajen masu bautar gumaka kuka kwaso." Mutanen da ke wurin suka kwashe da dariya. Ni ma na yi yaƙe, amma wallahi maganar ta tsaya mini a rai, domin tun ina shekara 12 nake riƙon gorar tutar makarantarmu, kuma gorar nan daga rumfarmu take fita kowace shekara, kyauta.

Kafin in yi nisa, bari in faɗa tun yanzu cewa ni ba malami ba ne, iyakata sakandare da ɗan abin da ya sawwaƙa na Islamiyya. Hukuncin Mauludi kuwa malamai sun daɗe suna kai ruwa rana a kansa, musamman tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, kuma ba ni ne zan raba wannan gardama ba. Abokin nawa ma yana da malamansa, ina da nawa, kuma a sahu ɗaya muke sallar Azahar. Abin da na bi diddigi kawai shi ne tarihi: daga ina wannan tuta ta zo mana?

Mu fara da mutanen da ke cikin hoton, don kada mu yi musu ƙarya. Wurin sunansa Bali, wani tsibiri ne a ƙasar Indunusiya. Ita ƙasar mafi yawan mutanenta Musulmi ne, amma shi wannan tsibiri akasarin mutanensa addinin Hindu suke bi. Gorar da suke kafawa sunanta penjor. Suna da wani biki da ake kira Galungan wanda ke zagayowa duk bayan kwana 210 a lissafin kalandarsu, kullum ranar Laraba yake faɗawa, su kuma kafa gorar ranar Talata, wato jajibiri. Kowane gida zai kafa tasa a ƙofar gida, a yi mata ado da ɗanyen ganyen kwakwa, a rataya zangarniyar shinkafa da 'ya'yan itace da sauran amfanin gona, a gindinta kuma a ɗaura wani ɗan akurki na ajiye abin baiko. A wajensu gorar tana wakiltar dutsen Agung ne, wanda shi ne dutse mafi tsawo a tsibirin kuma suna girmama shi, sannan godiya ce a kan abin da ƙasa ta bayar. Bayan kwana 10 su yi bikin rufewa mai suna Kuningan, idan aka cika kwana 35 kuma a tuge gorar a ƙone adon. Ita kuwa gasar da abokina ya gani, ta matasan unguwanni ce, kowace unguwa na son a ce tata ta fi tsawo da ƙawa.

To mai karatu ka lura da abu guda. Su a wajensu gorar ce abin nufi, ita ake yi wa ado, ita ake kafawa a bar ta a tsaye. Mu kuwa gora 'yar dako ce kawai. Idan aka gama zagaye kwance ƙyallen ake yi a ninke a sa a akwati, gorar kuwa sau da yawa washegari magini ya saye ta. Abin da muke ɗagawa shi ne ƙyallen da abin da aka rubuta a jikinsa. Shi kuma wannan ƙyalle tarihinsa a bayyane yake, bai bi ta Bali ba.

Duk wanda ya zauna a gaban malamin sira ya ji labarin tuta. Ya ji yadda Mus'abu ɗan Umairu ya riƙe ta a Uhudu har ya yi shahada. Ya ji yadda Manzon Allah (SAW) ya miƙa ta ga Sayyidina Aliyu a Khaibara a shekara ta 7 bayan hijira. Ya kuma ji na Mu'uta a shekara ta 8, inda Zaidu ya riƙe ta ya faɗi, Ja'afaru ya karɓa ya faɗi, Abdullahi ɗan Rawahata ya karɓa ya faɗi, kafin Khalid ɗan Walid ya ɗauka. Wato tun asali tuta amana ce da ake damƙa wa mutum ɗaya a madadin jama'a, kuma ba a barin ta ta taɓa ƙasa. Har gobe wannan ita ce doka ta farko da ake gaya wa yaro ranar da za a fara ba shi gora a unguwarmu, ko da shi yaron bai san inda dokar ta samo asali ba.

A ƙasar Hausa kuwa, zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne tuta ta zama abin da ake kafa sarauta da shi. Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, Alƙalawa kuma ta faɗi a 1808. A tsakanin nan malamai suka riƙa zuwa daga ƙasashe daban-daban suna karɓar tuta, wadda ita ce shaidar cewa an yi wa mutum izini. Ummarun Dallaje ya kai ta Katsina, Malam Isyaku Daura, Yakubu Bauchi, Buba Yero Gombe, Malam Zaki Katagum, Modibbo Adama ƙasar Fombina wadda daga baya ta ɗauki sunansa ta zama Adamawa, Sulaimanu kuma ya zama sarkin Kano. Wasu littattafan na lissafa masu tuta 12, wasu 14. Ba ƙyallen ne mai tsada ba, wanda ya bayar da shi ne mai daraja. Shi ya sa har yau idan aka ce gidan su wane "gidan tuta ne", an gama magana.

Ga inda labarin ya shafe mu kai tsaye, mu da muke zaune a nan, kuma ni kaina sai da na girma na san shi. Wanda ya karɓo tutar Zazzau shi ne Malam Musa Bamalli. Sarkin Zazzau na lokacin, Muhammadu Makau, yana filin idi a bayan gari aka auka masa, bai samu komawa cikin birni ba, sai ya yi kudu da jama'arsa. Labarin da mutanen Abuja suka riƙe yana cewa a 1804 ne, masanan baya kuma sun fi karkata ga ƙarshen 1808. Ko ma dai yaushe ne, Makau ya biyo har ya iso Zuba, ƙasar Koro, wannan Zubar dai da muke sauka a tasharta idan mun taso daga gida, inda ake sauke lemo da ayaba. Ya yi ta yaƙe-yaƙe a wannan yanki har ya rasu a wajen Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi, ya kafa gari a 1828 kusa da dutsen Zuma, garin ya ci sunansa: Abuja. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, 'ya'yan wannan gida, sun rubuta tarihin da Hausa, aka kuma fassara shi da Turanci a 1952.

Ka ga ke nan masarautar Hausawa ta farko a wannan yanki, tuta ce ta koro ta. Kuma tsawon ƙarni na 19 Abuja ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, duk da hare-haren da aka kai mata daga Zariya, sai da Turawa suka zo a 1902 zamanin Sarki Ibrahim. Ranar da na fara jin wannan sai da na yi dariya ni kaɗai. Mu jikokin talakawan Kano da Katsina da Sakkwato mun zo da tutocinmu muna zagaya ƙasar da ta yi kusan shekara 100 tana ƙin tuta, kuma ba wanda ya ce mana kanzil. Har 'ya'yan Gwari maƙwabtanmu, Musulminsu da Kiristansu, kan fito bakin hanya su yi kallo, wasu su miƙo wa yara ruwa.

Ƙarshen tutar yaƙi kuwa a 1903 ne. Ranar 15 ga Maris Turawa suka ci Sakkwato, kuma su kansu Turawan sun rubuta yadda wasu mutane suka tsaya a gindin koriyar tutar Sarkin Musulmi a filin Giginya suka ƙi gudu har aka kashe su. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas da niyyar hijira, talakawa suka yi ta binsa gari-gari, har aka tare shi a Burmi ta ƙasar Gombe ranar 27 ga Yuli, inda ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane. Turawa suka tafi da tutar, ba a mayar da ita Sakkwato ba sai a 1960, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya wuce da sauran jama'a har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yake ɗauke da sunansa har yau. Su ma 'yan ci-rani ne irinmu, sai dai nasu ci-ranin ba a dawo ba.

Daga nan tuta ta bar fagen fama ta koma hannun mutane biyu: sarakuna a ranar hawa, da kuma malaman ɗariƙa da almajiransu. Wanda ya taɓa ganin Maukibin Ƙadiriyya a Kano, wanda Shehu Nasiru Kabara ya fara a farkon shekarun 1950, ya san abin da nake faɗa. Zawiyya-zawiyya, makaranta-makaranta, kowa da tutarsa da kalar kayansa, ga bandiri na tashi, ana tafiya daga gidan Ƙadiriyya zuwa maƙabartar Mai Giginya. Haka ma ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, da Kanawa ke fita zagaye har a hau Dala. Daura da Gumel kuma suna da Sallar Gani tasu da hawan dawaki. Wannan shi ne abin da iyayenmu suka gani da idonsu suna yara, shi suka ɗauko a ka suka zo da shi nan.

Sabuwar Abuja dai kowa ya san labarinta a taƙaice. Janar Murtala ya sa hannu a dokar kafa ta a watan Fabrairu na 1976, tsohon garin ya bar mata sunansa ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, gwamnati kuma ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991 zamanin Babangida. Mahaifina ya zo a 1984 yana saurayi, lokacin da ko'ina ƙura ce da katafila. Ya ce a shekarunsu na farko ba wanda ke yin Mauludi a nan, da wata ya kama sai kowa ya nemi mota ya tafi gida, domin a ganinsu nan wurin nema ne kawai. Sai da aka fara ajiye iyali, aka haifi yara, aka buɗe Islamiyya a wata rumfar kwano a Karmo, sannan wata shekara malamin makarantar ya ce yaran nan fa ba su taɓa ganin zagaye ba. Wani dattijo tela mutumin Katsina ya ɗinka tuta da farin yadi da kore, ya yanka haruffan salati ɗaya bayan ɗaya ya ɗora da keken ƙafa, ya yi mata geza. Baba ya kawo gora. Ya ce yaran da suka fita ranar ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma zagayen bai wuce daga makaranta zuwa bakin rafi a dawo ba.

Na taɓa tambayarsa, na ce, "Baba, me ya sa sai da gora? A gida ma da ita ake yi?" Ya ce, "Kai dai da tambaya. A gida abin da aka samu ne, gwangwala ko sandar darbejiya. Nan kuwa garin gini ne, gora ta fi komai araha." Wato ke nan gorar da abokina ya gani ya ce mun kwaikwayo, ba wani sirri a cikinta, sana'ar gini ce ta Abuja ta ba mu ita.

Wannan tuta ta farko tana nan har yanzu. Lokacin rusau na 2006 da ya ci Karmo ina ɗan shekara 7, abin da nake iya tunawa shi ne kayanmu a tsakar rana da kukan mata. An ce malamin makarantar da ya ji ƙarar katafila, Alƙur'anai ya fara kwashewa, sai akwatin tutar, ko tabarmi bai waiwaya ba. Jama'ar unguwar suka watse, wasu Dei-Dei, wasu Zuba, wasu Mararaba, wasu Suleja, wasu suka koma gida gaba ɗaya, cikinsu har da telan, wanda bai sake dawowa ba har Allah Ya yi masa rasuwa. Da aka sake kafa makarantar a inda muke yanzu, tutar nan aka fara ɗagawa, kuma mutanen tsohuwar unguwa da suka ji labari sun riƙa zuwa daga nesa ranar zagaye don kawai su gan ta su gaisa da juna.

To sai maganar gasa, kuma a nan dole in yi adalci, domin a nan ne abokina yake da 'yar gaskiya. Gasa ba ta cikin tarihin tutar Shehu, ba ta cikin na Mu'uta. Wannan halinmu ne na 'yan Adam, irin wanda ke sa hakimai su yi ta ƙure adaka ranar Hawan Daushe don a ce tawagar wane ta fi ta wane. A nan kam mu da mutanen Bali jirgi ɗaya ya kwaso mu. Har na karanta cewa su ma dattawansu na kuka da yadda matasa ke kashe kuɗi mai yawa a kan ado, ana sa roba da kumfa a maimakon ganye, har suka bambanta gorar ibada da gorar ƙawa. Da na ga haka sai na ce ashe ciwon ɗaya ne.

Mu a wajenmu abin ya fara ne da makarantu suka yi yawa. Unguwa ɗaya sai ka ga Islamiyya huɗu, kuma kusan kowace da garin da iyayen yaranta suka fito, wannan ta Kanawa, waccan ta Katsinawa, ga ta Zage-zagi. Ba wanda ya sa kofi, ba alƙali, amma kowa ya san ana gasa, kuma hukuncin a bakin mata masu kallo yake da masu shayi. Mako guda ana zancen tutar wa ta fi tsawo, ta wa ta fi tuntu, 'yan agajin wa suka fi iya fareti. Mu matasa sai muka mayar da hankali kan tsawo. Akan zo rumfarmu tun wata bai kama ba a ce in an sauke mota a ware mafi tsawo. Har ɗaure biyu muka riƙa yi da waya, mutum uku na riƙe da gindi, biyu na jan igiya.

A 2016 abin ya kusa zama makoki. Wata makaranta, ba tamu ba, ta zo neman gora a ƙurarren lokaci, busassun sun ƙare, sai ɗanya wadda aka sauke kwana biyu da suka wuce. Baba ya hana, ya ce ɗanyar gora ruwa ne a cikinta, ga nauyi, kuma ba a wasa da ita kusa da wayar wuta. Da ya tafi masallaci ni na ba su, saboda abokaina ne kuma ba na son a ce mun yi musu baƙin ciki don kada su fi mu. Ranar zagaye an yi yayyafi da safe. Suna shan kwana a wani layi kan gorar ya taɓa waya, ga shi an ɗaure ta da wayar ƙarfe. Yaron da ke riƙe da gindi wuta ta yi jifa da shi. Allah Ya yi da sauran kwanansa, amma ya yi makonni a asibiti, kuma har yau yatsunsa biyu na hannun dama ba sa miƙewa. Tela yake koyo a lokacin, dole ya bari. Baba bai dake ni ba, bai ma yi mini faɗa a gaban mutane ba. Abin da ya yi shi ne duk ranar da za shi dubiya sai ya ce in ɗauko kwanon abincin in biyo shi.

Bayan wannan ne dattawan unguwa da malaman makarantun suka zauna suka yanke cewa ba a ƙara ɗaure gora biyu, ba a fita da ɗanya, kuma tsawonta kada ya wuce abin da mutum ɗaya zai iya riƙewa shi kaɗai. Wasu matasa sun yi gunaguni, amma dokar ta zauna.

Yanzu kuma wata sabuwa ce ta taso. Gasar ta bar tsawo ta koma wajen bana da ake bugawa da kwamfuta, da motocin da ake ɗora wa manyan lasifika. Bana kwana ɗaya ake bugawa, ga hoto ga kala, kuma ta fi ɗinki sauƙi. A taron shirye-shiryen bana wasu daga cikin 'yan kwamiti sun kawo shawarar a daina fita da tutocin ɗinki gaba ɗaya, a ɗaura bana a jikin mota, yara su bi a baya. Hujjarsu ita ce tsaro da sauƙi, kuma ni ne mutum na ƙarshe da zai raina maganar tsaro. Amma ban goyi baya ba. Banar da aka buga da sunan Allah da salati, bayan kwana biyu za ka gan ta an yi rumfar mai kifi da ita ko an shimfiɗa ana shanya barkono, na gani da idona ba sau ɗaya ba. Sannan yaron da ya bi mota bai riƙe komai ba, ba a damƙa masa komai ba, ba wanda zai ce masa kada ka bari ta taɓa ƙasa. Ga kuɗin hayar mota da janareta da ake karɓa a hannun iyayen da wasunsu kuɗin makarantar wata ma da ƙyar suke biya.

Ba a yanke hukunci ba tukuna, an ɗage zaman zuwa Juma'a ta sama bayan La'asar, a harabar makaranta. Ina roƙon duk wanda ya zauna a tsohuwar Karmo, ko yake da yaro a makarantun nan, ya daure ya zo ya faɗi ra'ayinsa, ko da ya saɓa da nawa. Malam ya yi alkawarin zai fito da tsohuwar tutar a gani, don akwai wurin da ta fara yagewa ta gefen geza, ana neman telan da zai iya gyara ta da hannu ba tare da ya taɓa haruffan ba. Shi kuwa abokina mai ƙusa na karanta masa wannan tun kafin in fitar, ya ce shi dai har yanzu bai yarda da zagaye ba, amma ya janye maganar Bali, kuma akwai wani tsohon tela a layinsu a Zuba da zai yi wa magana.